Gwaggona da Ta San Nauyin Iska

Daga Allah muka zo, kuma gare Shi Gwaggo ta koma, wata ranar Talata bayan la'asar, a wani asibiti da ke kudancin Jidda. Ni na rufe mata ido.

A gidanmu na Bani Malik muka yi zaman makoki. Na ɗauka mutane ba za su yi yawa ba, don tun da aka rushe tsohuwar unguwarmu ta Karantina kowa ya kama gabansa, wasu suna Makka, wasu sun koma gida Nijeriya, wasu ma ba mu san inda suka faɗa ba. Amma kafin magariba takalma sun cika matakalar benen har ƙasa. Wata 'yar Cadi mai sayar da turaren wuta a kasuwar Bab Makka ta rufe rumfarta ta zo. 'Yan matan da aka haifa a nan, waɗanda Hausarsu kan tsinke a tsakiyar zance su ƙarasa da Larabci, suka shigo riƙe da hannun juna. Ɗaya daga cikinsu ta rungume ni tana cewa, "Abla ta tafi? Wallahi ma saddagt, ban yarda ba." Abla, haka ake kiran malama a garin nan, kuma haka suke kiranta duk da ba ta taɓa koyarwa a wata makarantar Saudiyya ba.

Wata mata 'yar Damagaram, tsohuwar maƙwabciyarmu, ba ta ma iya shigowa falon ba. A bakin ƙofa ta zube tana dukan ƙirji, tana cewa, "Numfashin nan da nake yi nata ne! Nata ne na ara!" Sai da mata biyu suka kama ta. Baƙin da ba su san labarin ba suka riƙa kallon juna.

Umma, mahaifiyata, ba ta yi kuka a gaban kowa ba. Ta tsaya a kicin tana wanke kofunan gahawa, har waɗanda ba a sha da su ba. Baba kuwa, wanda Gwaggo ce yayarsa ciki ɗaya, yana ƙasa tare da maza yana karɓar gaisuwa kamar ba komai. Washegari da safe ya hau, ya tsaya a ƙofar ɗakinta yana kallon katifar da muka naɗe. Ya daɗe a tsaye. Sannan ya ce, ba da kowa yake ba, "Shi ke nan, babu sauran mai kirana da sunana na yarinta."

Gwaggo ba ta haihu ba. Gidan da ta yi rabin rayuwarta a ciki yanzu fili ne fetal. Kabarinta ba shi da alama, kamar na kowa a nan. Shi ya sa na zauna nake rubuta wannan, don kada watarana a tambayi jikokinmu wace ce ita su rasa abin faɗa.

Kafin ta zo Jidda malamar kimiyyar sinadarai ce a wata makarantar 'yan mata a ƙasar Katsina, da digirinta. Maigidanta tela ne, mutum mai sanyin hali. Ya samu kafili, wato ɗan ƙasa mai tsaya wa baƙo, ya zo ɗinki, ita ta biyo shi da niyyar su yi 'yan shekaru su koma. Takardunta ba su yi mata aiki a nan ba. Iƙamarta, wato takardar izinin zama, ta ce matar aure ce a ƙarƙashin miji, kuma a haka ta zauna. Ta soya ƙosai, ta yi wa maigidanta kalmasa da sa maɓalli, ta yi rainon 'ya'yan matan da ke fita aikatau. Amma kimiyyar ba ta fita daga bakinta ba ko sau ɗaya.

Sunan mahaifiyarsu ita da Baba aka sa mini, don haka "Uwata" take kirana. Tun ina ƙarama takan zaunar da ni ta ce, "Uwata, duk abin da kike gani, ruwa ne, gishiri ne, iska ce, da ƙananan ƙwayoyi aka gina shi, waɗanda ido ba ya gani. Kowace ƙwaya da nauyinta. Masana sun auna, sun ba kowane abu lambarsa." Ruwa goma sha takwas. Gishiri hamsin da takwas da rabi. Sukari ɗari uku da arba'in da biyu. Idan ana shan shayi sai ta miƙa hannu ta ce, "Malam, turo mini ɗari uku da arba'in da biyun nan." Maigidanta ya turo gwangwanin yana girgiza kai, ya ce, "Ni dai sukari na sani." Kullum sai sun yi haka, kullum kuma sai ta yi dariya kamar yau ta fara ji.

Ba don ƙawa ta haddace lambobin ba. Iskar da muke shaƙa, in ji ta, ashirin da tara ce. Duk abin da ya fi ta nauyi, idan ya kuɓuce, ba sama yake yi ba, ƙasa yake kwanciya. Iskar tukunyar gas ta girki ta ninka ta nauyi. A Karantina kuwa ɗaki ɗaya ne kicin, shi ne falo, shi ne wurin kwana, yara jere a kan tabarma. Don haka Gwaggo ta ɗora wa kanta aikin da ba wanda ya sa ta. Sai ta kaɗa ruwan sabulu a kofi, ta bi gida gida tana shafawa a tiyon gas, tana duban ko kumfa zai taso. Matan unguwa suka sa mata suna Insifeta. Wasu na jin haushi, musamman idan ta faɗo musu suna da baƙi. Ita ko a jikinta.

"Ki ji haushina da ranki," takan ce. "Yalla, matsa in duba."

Da la'asar tsakar gidanta kan cika da 'yan makaranta. Larabcin littattafansu ya fi ƙarfinta, nata na sallah ne da na cefane. Amma alamomin sinadarai iri ɗaya ne a ko'ina. Sai ta ce yarinya ta karanta tambayar, ta juya mata ita zuwa Hausa, sannan su warware tare. Idan yarinya ta kasa nemo kalmar Hausar, Gwaggo ba ta taimaka mata, sai ta harɗe hannu ta jira. Da yawa daga cikinsu a tsakar gidan nan Hausarsu ta miƙe, ba su ma lura ba.

Ba ta da kayan gwaji, sai na kicin. Na tuna ranar da ta jiƙa zoɓo ta raba a kofunan gilashi. Ta matsa lemun tsami a ɗaya, ya ƙara ja kamar jini. Ta zuba ruwan kanwa a ɗayan, ya rikiɗe ya koma kore-kore mai duhu. Wata yarinya ta ja da baya tana cewa, "A'uzubillahi, Abla, sihiri!" Gwaggo ta yi dariya har da hawaye. Ta ce, "Sihirin da kakarki ke yi kullum a tukunyar miya ba ta sani ba. Zo ki zauna in gaya miki sunansa."

Tana da zafi, wannan ba zan ɓoye ba. Idan ta ga gaskiya ba ta iya jiran a keɓe. Abin da ya haɗa ta da Umma ke nan.

A lokacin Baba ya samu matsala da kafilinsa, ya daɗe a zaune ba aiki. Umma ta fara sarin man shafawa na ƙara hasken fata, tana sayarwa a gida. Yana tafiya sosai, kuma da shi muke ci. Gwaggo ba ta so ba tun farko, amma ta yi shiru. Sai wata rana wata budurwa da ke cikin ɗalibanta ta kasa riƙe biro, hannunta na karkarwa, ƙafafunta sun kumbura, dasashinta na ciwo. Gwaggo ta kalli fuskarta da ta yi fari fat, ta tambaye ta me take shafawa. Daga nan ta tsallako lungu zuwa gidanmu, ko mayafi ba ta gyara ba. Mata uku na zaune suna zaɓen kaya. Ta ɗauki kwalin, ta sa tabarau, ta bi ƙananan rubutun da ke gindinsa da yatsa har ta tsaya a kan wata kalma.

"Amarya," ta ce. Haka take kiran Umma har tsufansu. "Akwai zaiba a cikin man nan. Ta fata take shiga, ta zauna a ƙoda da ƙwaƙwalwa. Mai shayarwa ta shafa, jaririnta ya sha." Ta juya ga matan. "Ku ajiye. Wanda kuka saya a baya ma kada ku ƙara taɓa shi."

Matan suka sulale ɗaya bayan ɗaya. Umma ta miƙe.

"Yaya, a gaban mutane? Ba za ki iya kirana ɗaki ba?"

"Da na kira ki ɗaki da sun tafi da shi."

"To me za mu ci? Ki gaya mini, tunda kin san komai."

"Ba guba za ki sayar ki ciyar da su ba."

Sai Umma ta faɗi maganar da har yau ba ta yafe wa kanta ba. Ta ce, "Kin san nauyin gishiri, kin san nauyin sukari. Nauyin ciyar da 'ya'ya ne ba ki sani ba."

Ina tsaye a wurin. Na ga Gwaggo ta cire tabarau a hankali, ta ninke shi. Ta rungumi kwalin ta fita da shi, daga baya ta kai wa wani mai kantin magani da ya san yadda ake zubar da irinsa. Umma ba ta ƙara saro man ba, ta koma yin dambun nama. Amma magana ta mutu a tsakaninsu. Sallah ta zo ta wuce, wata ma ta zo ta wuce. Baba ya yi lallashi har ya gaji. Idan sun haɗu a lungu kowacce sai ta sami abin kallo a bango. Ni ba a hana ni zuwa wurin Gwaggo ba, kuma ba ta taɓa ambaton Umma da mugun abu ba. Sai dai takan tambaye ni, "Kun ci abinci?" Idan na ce e, ta ce, "Me kuka ci?"

Ana cikin haka matar nan 'yar Damagaram ta kama ɗaki a gidanmu. Baƙuwa ce, ba ta daɗe da zuwa ba, ba ta taɓa jin gargaɗin Insifeta ba. Wata safiya Umma ta tafi Bab Makka kai dambu, ni ina makaranta. Ta bar wa matar autarmu, jaririya a lokacin, tana barci a kan tabarma a zaure, dab da ƙofar banɗaki. Matar ta so ta burge masu gida. Ta juye ruwan bilic a ƙasan banɗakin, ta bi shi da ruwan wankin masai mai asid, ta tura ƙofa ta hau gogewa.

Gwaggo na shanya a ƙofar gidanta warin ya doke ta. Ta san shi nan take: kulorin, wanda ya ninka iska nauyi fiye da sau biyu. Waɗanda suka gani sun ce ba su taɓa sanin tana iya gudu ba. Tana gudu tana ihu, "Ku ɗaga yara sama! Kada kowa ya sunkuya!" Ta faɗa zauren, ta sure jaririyar daga tabarma, ta ɗaga ta sama da kanta, ta fito ta miƙa wa wani mai wucewa. Sannan ta jiƙa gefen mayafinta ta koma. Matar ta riga ta faɗi a bayan ƙofa, jikinta ya tokare ta. Sai da Gwaggo ta durƙusa, a daidai inda ta hana kowa sa fuskarsa, ta tura ƙofar da kafaɗa, ta kamo ƙafar matar ta ja ta har lungu. A nan ita ma ta zube.

Autarmu ta yi tari na ɗan lokaci ta warke. Matar ta warke. Huhun Gwaggo ne bai ƙara komawa daidai ba.

Na raka Umma asibiti. Tun a mota take shirya abin da za ta faɗa, ina jin leɓɓanta na motsi. Da muka shiga ta ga Gwaggo da robar iska a hanci, idanu jajur, sai duk ya tsere mata. Ta durƙusa a gefen gado ta kifa kanta a kan ƙafafun Gwaggo, ta ce, "Yaya..." sai kuka. Gwaggo ta janye robar, muryarta kamar ana goga ƙarfe.

"Amarya, tashi, ƙasan nan da sanyi. Yarinyar ta sha nono?"

"Ta sha, Yaya. Yaya, maganar da na faɗa..."

"Halas, ya wuce. Kin zo mini da kunu? Abincinsu ba gishiri."

Iyakar abin da aka ce ke nan. Daga ranar Umma ce mai dafa mata, mai yi mata wanki, mai yi mata faɗa idan ta ƙi shan magani. Da maigidanta ya rasu, Baba ya yi ta fafutuka har iƙamarta ta koma ƙarƙashinsa, Umma kuma ta share mata ɗaki. Ta ƙi tasowa. Ta ce ɗalibanta sun san ƙofarta, ba za ta sa su neman wata ba.

Katafila ce ta taso ta. Da aka zo aka yi wa bangayen unguwa jan fenti, alamar za a rushe, muka kwashe kayanta tana zaune a kan kujera a lungu, ta toshe hanci da mayafi, ƙura na tashi daga layin da aka riga aka fara. Ba ta yi kuka ba. Mata na zuwa sallama tana bin kowacce da tambaya, ina za ku, yarinyar fa, za ta ci gaba da karatu? A Bani Malik muka samu gida a saman bene. Hawa ɗaya ta yi ta gane ba za ta riƙa sauka ba. La'asar ta yi, ba mai ƙwanƙwasa ƙofa. Takan zauna a bakin taga tana kallon rufin gidaje da tankunan ruwa, tukunyar iskar asibiti a gefenta. Tarin ya ƙaru. Dariyar ta ragu, har muka koma ƙirƙiro shirme don mu ji ta.

Kafin azumin da ya zama na ƙarshe gare ta, budurwar nan mai karkarwar hannu ta neme mu. Ta warke tun tuni, ta yi karatu, tana aiki a ɗakin gwaje-gwaje na wata masana'antar sabulu. Ta ce ta roƙi shugabarta, an yarda ta kawo malamarta ta ga wurin. Likita ba zai so ba, Baba ma bai so ba. Gwaggo ta ce ko a kan kafaɗa ne sai an kai ta. A kan kujera yayyena suka sauko da ita.

Ta sa atamfarta ta sallah. A ƙofar ɗakin ta ce a tsayar da keken marasa lafiyar da aka turo ta a kai, da ƙafarta za ta shiga. Ta dafa kafaɗata muka shiga. Ɗaki ne fari tas, kwalabe jere a kan kanta, kowace da suna da lamba a jikinta. Ta tsaya tana ja da numfashi, tana kallo. Ta fara bin kwalaben ɗaya bayan ɗaya tana karanta sunayen a hankali, kamar mai gaida mutanen garinsu da ta daɗe ba ta gani ba. Wani ta ce, "Kai, kana nan." Wani ta ce, "Wannan ban san shi ba, bayana aka yi shi."

Ɗalibar ta ɗauko farar riga ta aiki ta ce, "Abla, tafaddali, ki sa." Gwaggo ta kalli rigar, ta kalle ni. Muka zura mata, ta yi mata yawa, don ta rame ƙwarai. Aka kai ta gaban wani ma'auni mai murfin gilashi, aka ba ta ƙaramin cokali da farin gari, aka ce ta auna. Hannunta na rawa, garin na zuba a gefe. Ta sake, ya sake zuba. Ɗalibar ta matso ta riƙe mata wuyan hannu, suka zuba tare har lambar ta tsaya. Gwaggo ta sunkuya ta karanta ta da ƙarfi, kamar akwai aji a bayanta. Sai na ga hawaye na bin kumatunta yana sauka a kan farar rigar. Tun da nake ban taɓa ganin kukanta ba, ko ranar da aka fita da maigidanta.

Muna hanyar komawa, har mun kusa gida. Tana kallon waje ta ce, "Uwata, ajina na ƙarshe a Katsina, na ce musu hutu ɗaya zan yi in dawo. Mun tsaya a tsakiyar babi."

Na ce, "Gwaggo, kin yi nadamar zuwa?"

Ta kama hannuna ta ɗora a cinyarta, tana shafa yatsuna ɗaya bayan ɗaya. Na yi ta jira. Motar ta tsaya, yayyena suka fito da kujera, aka hau da ita. Ban ƙara tambayarta ba, ita ma ba ta ƙara tayar da zancen ba har ta bar duniya.

Ya Allah, baƙuwa ce ta zo ƙasar Manzonka, ta zauna da abin da Ka ba ta, ba ta ɓoye wa kowa shi ba. Ka yafe mata zafinta, Ka yalwata mata makwanci, Ka sanyaya ƙirjin da ya daɗe yana wahala. Duk wanda ya karanta wannan, ko bai san ta ba, ina roƙonsa ya yi mata addu'a, don ba ta bar ɗan da zai yi mata ba, sai mu.